Shinkafar Gonta

Nagiura, farkon watan Yuni

Zuwa ga ƙanena Tadao,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zafin Osaka bai fara gasa ka ba. Mu nan damina ta sauka, rabonmu da rana har na manta, tantunan da nake ba baƙi haya duk sun ɗauki warin danshi. Na zaɓi in rubuto ne don ka san halina da waya: kunnen hagu ya tafi, na daman kuma da ya ji muryarka sai faɗa.

Maganar Gonta ce. Tun ranar da motar kaya ta tafi da akwatin magabata, mai allunan sunayen mamatanmu, zuwa wurinka, karen nan ya daina cin abinci. Da farko na ɗauka kewar Baba ce, amma ai Baba ya rasu tun Maris, kuma duk kwanakin makoki yana cinye kwanonsa tas. Na ce ko rushe gidan Baba da aka yi don gina katangar teku ne ya ruɗa shi. Sai da na zauna na yi tunani sannan na gane, har na ji haushin kaina.

Kai ba ka san safiyar gidan nan ba, shekara arba'in rabonka da ita. Baba yana tashi yakan ɗebi shinkafar farko daga tukunya a ɗan kwanon tagulla, ya ajiye gaban allon sunan Inna da na kakanni, ya kunna turare, ya buga ƙararrawa. Gonta yana zaune a bakin ƙofa yana jira. In turaren ya cinye, Baba ya sauko da shinkafar, ya juye ta kan abincin kare, ya ce, "Sun ƙoshi, saura kai." Sai a lokacin yake sa baki. Tun yana kwikwiyo haka aka saba masa. Bayan rasuwar ni nake sauka kowace safiya in yi, shi ya sa ban taɓa lura ba.

Yanzu yana nan wurina a filin tantuna, ya zaɓi ƙarƙashin famfon wanke ƙafar karnuka ya kwanta. Ka san baƙina, mutanen birni ne masu neman inda za su kwana bakin teku ba tare da an kore su don kare ba. Nasu karnukan suna zuwa da riguna da takalma, wani ma a keken jarirai. Suna wucewa su shinshine shi, ko kunne ba ya ɗagawa. Ruwa kawai yake sha, wani lokacin ya lashi romon kifi.

Na san akwatin naka ne, kai ne ɗa namiji, kai ka gaje shi. Na kuma san ba zai shiga gidana ba, tunda na marigayi mijina Masaji da danginsa yana nan, kuma ba a haɗa magabatan gida biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya. To, in akwatin ba zai zo wurin kare ba, kare ya je wurin akwatin. Ka zo ka ɗauke shi. Tsoho ne, ba ya haushi, abin da ya rage masa ba yawa.

Ka kula da kanka, ka rage cin abincin kanti.

Yayarka,
Kinuko

Osaka, tsakiyar Yuni

Zuwa ga Yaya Kinuko,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan damina ba ta tayar miki da ciwon gwiwa ba. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta da kyau.

Game da kawo Gonta nan, ki yi haƙuri, ba zai yiwu ba. Dokar benenmu ta hana kare da kyanwa. Bara wata tsohuwa ta ɓoye kwikwiyo a jakar cefane, kwamitin mazauna suka yi ta zama a kanta har ta tattara ta bar gidan. Ni kuma ɗaki ɗaya gare ni a hawa na tara, kuma tun da na yi ritaya na karɓi aikin tsaron wurin ajiye motoci. Ina fita da safe, sai yamma.

Ba ki roƙi a mayar da akwatin ba, amma na ga kamar maganar tana bayan harshenki, don haka gara in faɗa. Malamin haikalin garinku ya yi addu'ar tashin magabata kafin a ɗauko shi, na nan ya yi ta zaunar da su. Ba kujera ba ce da za a yi ta yawo da ita. Ga kuma Obon, bikin da matattu ke dawowa ganin gida, yana tafe a Agusta, na farko tun rasuwar Baba. A nan zai nemi hanyar gida, kuma na riga na yi magana da malamin.

Shawarata ita ce ki kai shi wurin likitan dabbobi. Na aiko da kwali ɗaya na abincin gwangwani mai laushi, mai kantin ya ce na tsofaffin karnuka ne. In kina so, ki kira ni da sassafe ki kara masa waya a kunne, in buga ƙararrawar daga nan. Amma Yaya, kare dabba ne. Yunwa za ta koya masa abin da ke ba ki iya koya masa ba.

Ki gaida Gwaggo Tome. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Tadao

Nagiura, farkon Yuli

Tadao,

Ina gaisuwa. Ruwa ya ɗan tsagaita, sauro ya karɓi aiki.

Na gode da ka sanar da ni cewa kare dabba ne. Shekara da shekaru ina bin ciyawa da tsinke da leda ina kwashe kashinsu, ban taɓa sani ba sai da wasiƙa ta zo daga Osaka. Gwangwanayenka sun iso. Karnukan baƙi suna gaishe ka, sun ce da daɗi.

Babu abin da ban gwada ba. Na ɗauko shi na kai ƙofar ɗakina, na zuba wa Masaji shinkafa, na buga tasa ƙararrawar, na sauko da ita na juye masa. Ya shinshina, ya kau da kai. Ka tuna Baba da Masaji ko suna raye ba sa shan shayi a ɗaki ɗaya sai an yi musu kan wurin jefa raga. Ashe karen ma ya ɗauki ɓangare.

Ranar wayar kuwa ba ka ga abin da ya biyo baya ba, ka ce kana sauri za ka makara aiki. Da ya ji ƙarar sai ya miƙe tsaye, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba. Ya leƙa bayan wayar, ya leƙa hannuna, ya zagaya ni. Daga nan ya kama hanyar gangare yana tangaɗi, na bi shi har tashar jiragen ruwa. Ya tsaya daidai inda ƙofar gidanmu take a da. Siminti ne yanzu da ƙarafuna. Ya zauna yana jira. Masu aikin suka kashe injinsu suna kallonmu. A baron yashinsu na turo shi gida, kuma na yi kuka a hanya, ba zan ɓoye maka ba. Kada ka sake ba ni irin wannan shawarar.

Na je wurin Gwaggo Tome, tunda ita kaɗai ta rage a 'yan'uwan Baba. Na same ta tana shanya ciyawar teku. Na tambaye ta ko ba za a yi mini rangwame ba, ko na wata biyu, in sa akwatin a ɗakin baya.

Ta ce, "Gida biyu, rufi ɗaya? Ke dai ba ki gaji da rabon faɗa ba. Suna raye kin yi, yanzu kuma kina so ki yi na matattu."

Na ce, "Gwaggo, karen mutuwa zai yi."

Ta ce, "To sai me? Ni ma layin nake bi, ba wanda ya zo ya yi mini kuka."

Amma da zan tafi ta cusa mini busasshen kifi a aljihu, wai in gwada masa. Gaskiyar magana, ko da ta yarda ni kaina ba zan iya ba. A gidan nan na yi aure, a nan zan mutu, ba ni da ƙarfin fara jayayya da su yanzu.

Likita ya yi masa ƙarin ruwa, ya ce bai ga wata cuta ba bayan tsufa. Haƙarƙarinsa duk sun fito. Shekaranjiya wata baƙuwa, mai ƙaramin farin kare da aka ɗaure wa ribom, ta tare ni wurin shara ta ce, "Baiwar Allah, wurin da ke tallan son karnuka ne ake barin kare da yunwa haka?" Na sunkuya na ba ta haƙuri. Me zan ce mata? Ga masunta sun sake kawo ƙara, wai karnukan baƙina suna yi musu fitsari a raga. Hutun makaranta ya kusa, filin zai cika, ni kaɗai ce, kuma na gaji, Tadao. Na yi jinyar Inna, na yi ta Masaji, na yi ta Baba. Ban zaci akwai saura ba.

Ba na roƙon komai a wannan karon, don ban san abin da zan roƙa ba.

Yayarka,
Kinuko

Osaka, ƙarshen Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki. Zafi a nan ya kai inda kwalta take manne wa takalmi. Ki gafarce ni da jinkirin amsa, na fara wasiƙar nan na yaga ba sau ɗaya ba.

Maganar waya kuskure ce, na karɓa.

Akwai abin da ban faɗa miki ba, don ban saba faɗin irinsa ba. Dokar bene gaskiya ce, maganar malamin haikali ma gaskiya ce, amma ba su kaɗai ba ne. Tun da matata Yoshie ta rasu, yaran kuma kowa ya kama gabansa, ɗakin nan shiru yake. A wurin aiki abin da nake faɗa bai wuce "matso gaba" da "a sauka lafiya" ba. Da na dawo sai in kunna talabijin don kawai a ji motsi.

Da akwatin ya zo, na tura gadona jikin bango na ba shi wuri. Na sayi ƙaramar tukunyar shinkafa, ni da na shekara ban dafa komai ba. Yanzu ina tashi da wuri saboda su. Da yamma in na buɗe ƙofa sai in ce, "Na dawo." Ranar farko da na ji kalmar ta fito daga bakina, tsayawa na yi da takalmi ɗaya a hannu. Ina ba Baba labarin direbobin da ba su iya ajiye mota ba, ina ba Inna labarin tsadar kabeji. Ki yi dariya in kina so. Shinkafar da na sauko da ita ni nake cinyewa, a tsaye, kafin in fita.

Ke kin same su suna raye, kin sha wahalarsu, na sani, kuma ba na gasa da ke. Ni wannan ne rabon da ya zo hannuna, kuma ban san ina bukatarsa ba sai da ya zo. In na rabu da shi, ban san me zan tarar a ɗakin nan ba.

Kin ga ke nan ni da karen abu ɗaya muke jayayya a kai. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka abin yake.

Ki daure ki samu mai taya ki aiki ko na hutun nan ne.

Ƙanenki,
Tadao

Nagiura, farkon Agusta

Tadao,

Gaisuwa. Ban yi dariya ba. Da ka faɗa tun farko da ban yi ta jifanka da magana ba, amma mu 'ya'yan Baba ne, sai abu ya kai wuya muke buɗe baki.

Riƙe akwatinka. Na faɗa da zuciya ɗaya. Ba zan ɗauke wa ƙanena abin da yake gaisarwa don kare ba, ko da karen Baba ne.

Gonta ba ya iya miƙewa sai na tallafe shi. Na shimfiɗa masa tsohuwar rigar ruwan Baba a inuwa, ina ɗiga masa romo da cokali, rabi ya shiga rabi ya zube. Likita ya ce in na shirya akwai allurar da za ta hutar da shi. Na ce ya bari Obon ya wuce. Ba na so Baba ya zo ganin gida ya iske mun yi wannan a kwanakinsa.

Filin ya cika maƙil, haushi ta ko'ina, bututun wanka ya fashe. Zan tsaya nan, ana kirana.

Ka sha ruwa da yawa a wurin aikin nan naka.

Kinuko

Osaka

Yaya,

Gaisuwa a gaggauce. Ki ajiye mini wuri ɗaya na kwanakin Obon, can ƙarshen fili wajen itatuwa, nesa da gidanki. Ki kafa mini tanti mafi girma da kike da shi, wanda ba ya yoyo. A matsayin baƙo zan zo, kuma ba ni kaɗai ba ne. Ki ce wa likita ya dakata.

Tadao

Osaka, ƙarshen Agusta

Zuwa ga Yaya Kinuko,

Bayan gaisuwa, na iso lafiya, na mayar da motar haya. Bayana yana ciwo, kwanan ƙasa ba na sa'ana ba ne.

Ba mu samu zama ba, kina ta fama da baƙi, don haka bari in ba ki abin da ba ki gani ba. Kin tambaye ni yadda na yi da malamin haikalin nan. Na je masa da dogon bayani, na shirya shan faɗa. Ya saurare ni yana fifita, ya ce ai a kwanakin Obon dama a hanya suke, in rage musu tafiya ba laifi, in dai yi tuƙi a hankali. Na ɗaure akwatin da bel a kujerar baya, ina ba su haƙuri a kowane gargada.

Lokacin da kike raba faɗan karnukan nan biyu a bakin famfo, Gwaggo Tome ta hau gangaren da sandarta. Ta leƙa cikin tantin, ta ga allunan da kwanon tagulla. Ta ɗaga kai ta dubi saman tantin, ta juya ta daɗe tana duban rufin gidanki can nesa. Na jira hukunci. Sai ta ce, "Yayana da ya ƙi kwana ko'ina sai gidansa, ga shi a tanti kamar ɗan yawon buɗe ido. Ba ni turare, kai kuma matsa, ka tare mini haske." Da yamma ita ta nuna mini inda zan kunna wutar tarbar matattu a ƙofar tantin.

Washegari da safe, bayan kin ajiye Gonta kin koma wurin bututu, na zuba shinkafar, na kunna turare, na buga ƙararrawar. Bai motsa ba. Na ce a raina na makara, na yi wannan doguwar tafiya a banza. Muka zauna ni da shi har turaren ya cinye. Na sauko da kwanon na juye masa, ya dube ni kawai. Sai na tuna wasiƙarki ta farko. Na ce, "Sun ƙoshi, saura kai." Yaya, muryar Baba ce ta fito daga maƙogwarona, ni kaina na tsorata. Ya ja jiki da ƙafafun gaba, ya sa baki. Loma uku ya yi, ya huta, ya ƙara. Abin da ya sa kika same ni ina wanke fuska a famfon karnuka ke nan, ba zafi ba ne kamar yadda na ce miki.

Kin yi ta cewa in tafi da akwatin tunda Gonta ya fara ci, wai zai ci gaba da kansa. Ke ma kin san ba haka ba ne. Akwatin ya zauna can wurinki muddin karen yana raye. Na yanke wannan da kaina, kada ki sa shi a ranki.

Da na buɗe ƙofar ɗakina jiya na ce, "Na dawo," kafin in tuna. Shatin akwatin yana nan a kan tabarma. Ban mayar da gadon wurinsa ba tukuna. Zan saba, dama na taɓa sabawa.

Ki rubuto mini ko yana ci.

Ƙanenki,
Tadao

Nagiura, tsakiyar Satumba

Tadao,

Gaisuwa. Iska ta fara sanyi, baƙi sun ragu, gwiwata ta samu sauƙi kaɗan.

Yana ci. Jiya har ya yi wa wani kare mai riga gurnani, na ba mai shi haƙuri ina murna. Amma in ni na buga ƙararrawar rabi yake ci. Gwaggo ta ce ina buga ta kamar mai kiran baƙi su zo su kwashe shararsu.

Rediyo ya ce guguwar teku tana tafe, kuma tanti ba zai kai hunturu ba. Na kira kafinta ya yi mini ɗan ɗakin katako a wurin, da rufinsa daban. Ya zo da ma'auni ya tambaye ni girmansa. Na ce ya ɗauki akwati ɗaya, da kare ɗaya, da shimfiɗar mutum ɗaya mai ciwon baya. Ya ce wane ne mutumin, na ce ya yi aikinsa.

Wurin ajiye motocina ma ba mai tsaro, baƙi suna ajiyewa yadda suka ga dama.

Yayarka,
Kinuko